Filin Tambaya da Amsa: "An Ce In Koma Legas, Wai Ina da Dangi a Can"

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan magana ɗaya: mutum ya nemi mafaka a Birtaniya, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda aka fi sani da Hom Ofis, ta yarda cewa garinsu akwai haɗari, amma ta ce ya koma wani gari a ƙasarsa tunda yana da 'yan'uwan da za su riƙe shi. Bayanin da ke ƙasa na kowa da kowa ne, ba ya maye gurbin lauyan da ya ga takardunka da idonsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne daga kudancin Borno. Hom Ofis ta amince cewa 'yan Boko Haram sun neme ni da sunana, amma ta ƙi ba ni mafaka, ta ce in koma Legas wajen yayana. Wannan da suke faɗa ɗan garinmu ne kawai, acaba yake yi a Agege, su shida ne a ɗaki ɗaya. Na ɗaukaka ƙara. Me zan gaya wa alƙali? Daga wani mai karatu a Bradford.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da sanin cewa rabin shari'arka ka riga ka ci, domin abin da ya fi kayar da mutane shi ne a ce ba a yarda da labarinsu ba. Kai an yarda. Abin da ya rage tambayoyi biyu ne, kuma suna cikin sashe na 35 na dokar zama ɗan ƙasa da kan iyakoki ta 2022, da sakin layi na 339O na ƙa'idojin shige da fice. Ta farko: a Legas za ka tsira daga waɗanda ke nemanka? Ta biyu: idan ma za ka tsira, ya dace a hankalce a ce ka je can ka zauna, ko kuwa zaman zai zama tsananin da ya wuce kima?

Ma'aunin tambaya ta biyu ya fito ne daga hukunce-hukunce biyu na kotu mafi girma a Birtaniya a lokacin: shari'ar Januzi ta 2006, da shari'ar AH ta 2007 (irin waɗannan haruffa na sunan mai ƙara ne), wadda ta shafi mutanen Darfur da aka ce su koma Khartoum. Abin da suka tsayar ba mai daɗin ji ba ne. Ba a gwada rayuwar Legas da ta Bradford. Ana duba ko za ka iya yin rayuwa irin ta yau da kullum bisa yadda jama'ar ƙasarka ke rayuwa. Talauci kaɗai bai isa ba, domin talakawa sun yi yawa a Legas kuma suna raye. Amma idan komawar na nufin rashin wurin kwana, rashin abinci, rashin hanyar samun ko sisi, wannan ya kai. Kuma dole alƙali ya dube ka kai kanka: shekarunka, lafiyarka, sana'arka, harshen da kake ji, da waɗanda ke rataye a wuyanka.

Yanzu maganar yaya. Wannan tarko ne da Hausawa ke yawan faɗawa ciki ba tare da sun yi ƙarya ba. A wajenmu duk wanda ya girme ka a unguwa yayanka ne, abokin mahaifinka baffa ne, maƙwabciyar da ta goya ka inna ce. Ranar hira jami'i ya tambaya ko ka san wani a wajen Borno, ka ce akwai yayana a Legas, tafinta ya juya ta da kalmar Turancin da ke nufin wanda kuke ciki ɗaya, aka rubuta. Daga nan takarda ta haifa maka ɗan'uwan da mahaifiyarka ba ta haifa ba. Don haka ka nemi kwafin rubutacciyar hirar da kuma sautinta da aka naɗa, ka nemo lambar tambayar da maganar ta fito, ka nuna wa lauyanka. A cikin rubutaccen bayaninka na kotu ka warware ta dalla-dalla: sunan mahaifinsa daban, naka daban; ga yadda kuka san juna; ga ranar da kuka yi magana ta ƙarshe. Ka lissafa 'yan'uwanka na jini ɗaya bayan ɗaya, da inda kowa yake, da wanda ya rasu, da wanda ke sansanin 'yan gudun hijira. Alƙali ba Bahaushe ba ne, abin da ba ka fassara masa ba ba zai gane shi da kansa ba.

Sannan ko da ɗan'uwan jini ne, kasancewarsa a gari ba ita ce hujja ba. Abubuwa uku ake so a gani: yana da niyyar taimako, yana da halin yi, kuma taimakon zai ɗore, ba na kwana uku ba. Nan ne kunya ke cutar mutanenmu. A tambayi mutum yaya ɗan'uwanka yake, ya ce lafiya lau, alhamdulillahi, saboda ba ya son tona asirin wani. Alƙali kuwa ya rubuta cewa ɗan'uwan na cikin wadata. Kotu ba wurin rufin asiri ba ce. Faɗi abin yadda yake: ɗaki ɗaya, mutum shida, tabarma uku, wasu na kwanan dare wasu na rana, babur ɗin ma ba nasa ba ne, kullum sai ya kai wa mai shi balas. Ka ƙara da cewa gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi da dama a 2022, abin da ya ƙuntata sana'ar gaba ɗaya.

Hujjar da za ka haɗa: rubutaccen bayani daga shi mutumin, da sa hannunsa da kwanan wata da hoton katin shaidarsa, hotunan ɗakin, rasit ɗin haya idan akwai. Duk abin da aka rubuta da Hausa sai an haɗa da fassarar Turanci daga ƙwararren mai fassara wanda ya sa sunansa. Ka ajiye ambulan ko saƙon WhatsApp da takardar ta zo a ciki, domin tun shari'ar Tanveer Ahmed ta 2002 ƙa'ida ita ce kai za ka nuna cewa takarda abar dogaro ce. Idan kana son ya yi magana da bakinsa ta bidiyo daga Najeriya, ba a yi kai tsaye: sai an tabbatar ƙasar da yake ciki ba ta hana ba da shaida ga kotun waje ba, sannan kotu ta ba da izini, don haka lauya ya nema da wuri. Rubutaccen bayani ba ya buƙatar wannan izinin.

Abu na ƙarshe, kada ka ɗora komai a kansa. Lauyan gwamnati zai ce kai malami ne, kana jin Turanci, me zai hana ka sami koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta? Ka shirya amsa ta gaskiya: ko takardun karatunka sun ƙone, ko ba ka da mai tsaya maka, ko masu gidaje na neman hayar shekara guda a dunƙule ban da kuɗin dillali, ko kana fama da firgita da rashin barci da likita ya rubuta. Wanda ya zama gaskiya a cikinsu shi za ka kawo, da shaidarsa.

TAMBAYA: Na gudu da 'yata mai shekara huɗu saboda dangin mijina sun dage sai an yi mata kaciya. An ce in koma Abuja wajen ƙanwar mahaifiyata. Ina ƙaunarta, amma ba ta iya riƙe magana, kuma mijinta abokin surukina ne. Wannan hujja ce? Daga wata 'yar'uwa a Glasgow.

AMSA: Hujja ce, 'yar'uwa, kuma mai ƙarfi, sai dai ki ajiye ta a inda ya dace. Maganarki ta fi shafar tambayar farko, wato tsira, kafin a zo kan sauƙi ko wahalar zama. Idan haɗarin daga dangi yake, to dangin da ake cewa su riƙe ki su ne hanyar da za a bi a gano ki. Hom Ofis kan ce Najeriya ƙasa ce mai mutum fiye da miliyan 200, wa zai gano wa? Amsar ita ce ba a cikin miliyan 200 za ki zauna ba, a gidan innarki za ki zauna, gidan da ake zuwa suna da biki da ta'aziyya, wanda hotunansa ke yawo a zauren WhatsApp na dangi kafin a kwashe kwanuka. Ki zana wa alƙali wannan hanya da sunaye: wane ya san wane, tun yaushe, sau nawa suke haɗuwa, ko an taɓa nemo wata da ta gudu a danginku da yadda aka yi.

Daga nan sai tambaya ta juya: idan ba za ki iya zuwa wajen dangi ba, za ki iya zama ke kaɗai da yarinya a garin da ba ki san kowa ba? Nan ake kawo maganar masu gidan da ba sa ba mace marar miji haya, da wanda zai riƙe miki yarinya idan kin fita nema, da ko kin taɓa yin aikin albashi ko sana'a. A shari'ar HD ta 2016, wadda ta shafi matan Najeriya da aka yi safararsu, kotun sama, wato wadda ake zuwa idan ana ƙalubalantar hukuncin alƙalin farko, ta ɗauki rashin dangi masu tallafi a matsayin abin da ke ƙara wa mace rauni idan ta koma. Shari'arki ba ta safara ba ce, amma lauyoyi kan jawo wannan tunanin.

Za a ce miki dokar tarayyar Najeriya ta 2015 ta haramta kaciyar mata. Gaskiya ne. Abin da za ki nuna shi ne ko dokar na aiki a ƙasa: idan kin taɓa kai ƙara aka ce maganar gida ce ku je ku sasanta, ki faɗi ofishin da ranar. Ki kuma kawo rahoton likita kan halin da ke da 'yarki kuke ciki, kuma ki tabbatar an sa yarinyar a cikin ƙarar, domin sashe na 55 na dokar kan iyakoki da shige da fice ta Birtaniya ta 2009 ya wajabta a duba maslahar yaro.

TAMBAYA: Ƙanena ne ke neman mafaka, ni nake ciyar da shi a nan Landan shekara biyu. Lauyan gwamnati ya ce tunda ina iya riƙe shi a nan, zan iya aika masa kuɗi idan ya koma. Haka doka ta ce? Daga wani direban bas.

AMSA: Doka ta yarda a lissafa kuɗin da ake aikawa daga waje, Alhaji, kuma wannan hujjar tana cin shari'a sau da yawa. Ta yi ƙarfi ne daga shari'o'in Somaliya. A hukuncin MOJ na 2014 kan komawa Mogadishu, kotu ta jera abubuwan dubawa, ciki har da kuɗin da 'yan'uwa za su aiko, da yadda mutum ya rayu a Birtaniya, da wata tambaya mai zafi: wanda ya biya maka kuɗin tafiya Turai, me zai hana shi taimaka maka idan ka dawo? Hukuncin OA na 2022 ya sake tabbatar da wannan hanya. Alƙalai na yin irin tambayoyin ga mutanen wasu ƙasashe ma.

Amsarka lissafi ce, ba rantsuwa ba. Ba mutum katifa a falo da ƙara ludayi ɗaya a tukunya daban yake da fitar da tsabar kuɗi duk wata. Ka kawo takardun albashi na wata uku zuwa shida, da bayanan banki na wannan lokacin, da hayar gida, harajin ƙaramar hukuma, wuta da gas, yawan 'ya'yanka, da bashin da ke kanka. A ƙasa a ga abin da ke saura. Idan fam 40 ne, ka ce fam 40 ne, sannan lauya ya nuna abin da fam 40 zai saya da wanda ba zai saya ba a garin da ake magana, da farashi na yanzu daga majiya mai kwanan wata. Idan kuɗin tafiyarsa gona aka sayar ko bashi aka ci, a nuna takardar cinikin ko a ambaci mai bin bashin. Gonar da aka sayar sau ɗaya ba a sake sayar da ita.

Abin da ke ɓata wannan shaida shi ne mutum ya tsaya ya ce ko kwabo ba zan aika masa ba, alhali bankinsa na nuna yana tura wa gida kuɗi duk ƙarshen wata. Alƙali zai ga rasit ɗin, kuma ba zai yarda cewa wanda ya ciyar da ƙanensa shekara biyu zai bar shi ya kwana a tasha ba. Gara ka bayyana wa kake turawa, nawa, kuma me ya sa ba za a iya raba shi biyu ba. Ka zo kotun da kanka a yi maka tambayoyi. Wasiƙar wanda ke zaune a Landan amma bai zo ba nauyinta kaɗan ne. Ku kuma shirya wa maganar tallafin da Hom Ofis ke ba mai komawa gida bisa raɗin kai, wanda ke kaiwa har fam 3,000. Za a ce ya isa jari. Sai a nuna wata nawa zai ɗauka bayan haya, da abin da zai biyo baya idan ya ƙare.

TAMBAYA: Ni ba ni da kowa a gida, duk mun rabu tun lokacin gudu. Ke nan na ci shari'a? Daga wani matashi a Cardiff.

AMSA: A'a. Rashin dangi abu ɗaya ne cikin abubuwan da ake aunawa. A hukuncin AS na 2020, kafin Taliban su karɓi mulki, kotu ta ce namiji baligi mai lafiya zai iya zama a Kabul ko da bai san kowa ba. A ɗaya gefen, a hukuncin AAH na 2018 kan Kurdawan Iraƙi, an ɗauka cewa al'ada za ta sa dangi su ba mutum masauki, wanda ba shi da su kuma sai an duba sosai inda zai kwana da abin da zai ci. Ƙasashe da yawa suna da hukuncin da ke yi wa alƙalai jagora a kansu, kuma yaƙi kan sauya lissafi: Khartoum da aka yi gardama a kanta a 2007 ita ce ta zama fagen fama daga Afrilun 2023.

Matashi mai ƙarfi a jika shi ne wanda wannan ƙa'ida ta fi yi wa tsauri, sai in akwai rashin lafiya, ko ya bar ƙasar tun yana yaro, ko ba shi da takardar shaidar da ake buƙata don aiki da tafiya. Kuma cewa mun rabu ba ta wadatar. Za a tambaye ka me ka yi don nemansu. Ka buɗe fayil da sashen neman dangi na Red Cross ta Birtaniya tun yanzu, ba saura mako guda a shiga kotu ba, ka ajiye wasiƙunsu, ka rubuta lambobin da ka kira da ranakun. Ka san kuma ana duba Facebook. Wanda ya ce bai ji ɗuriyar 'yar'uwarsa ba shekara biyar, aka ga ya yi mata barka da sallah bara, ya rushe har gaskiyar da ke cikin sauran labarinsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a wannan kotun ma ya fi ƙurewa.

TAMBAYA: Alƙali ya kori ƙarata. Ya rubuta cewa a al'adar Afirka dangi ba sa yar da nasu, don haka kawuna zai karɓe ni, alhali na kawo wasiƙar kawun yana cewa ba zai iya ba. Akwai sauran hanya? Daga wata baiwar Allah a Leicester.

AMSA: Akwai, Hajiya, amma lokaci gajere ne. Kwana 14 kike da su daga ranar da aka aiko da rubutaccen hukuncin, ba ranar da kika buɗe shi ba, ki nemi izinin zuwa kotun sama. Ana fara nema a kotun farkon. Idan ta ƙi, akwai wasu kwana 14 na nema kai tsaye a kotun saman. Idan an makara sai an bayyana dalili, kuma ba dole a karɓa ba.

Kotun sama ba ta sake sauraron labari don kawai ba ki ji daɗin hukunci ba. Kuskuren doka take nema. A abin da kika faɗa akwai wurare biyu da lauya zai duba. Na ɗaya, ko alƙalin ya ambaci wasiƙar kawun. Yana da ikon ya ƙi yarda da ita, amma sai ya faɗi dalili. Idan ya tsallake ta kamar ba ta cikin fayil, wannan kuskure ne. Na biyu, ko maganar al'adar ta dogara da wata shaida da ke gabansa, ko zato ne kawai. Afirka ba gida ɗaya ba ce, kuma abin da aka saba yi bai nuna abin da wannan kawun zai yi ba. Sauran kurakuran da ake yawan samu: ba a ambaci takamaiman garin da za a koma ba, an tsaya kan cewa babu haɗari aka manta da tambayar dacewa, an auna lafiya daban, yara daban, kuɗi daban, ba a haɗa su wuri ɗaya ba, alhali Kotun Ƙoli a shari'ar SC ta Jamaika a 2022 ta jaddada a dubi halin mutum gaba ɗaya. Amma ki sani, idan Hom Ofis ta ambaci garin, nauyin nuna cewa zama can bai dace ba a kanki yake, kamar yadda hukuncin MB na 2019 ya faɗa.

Idan duk wannan bai yi ba, saura sabuwar buƙata a ƙarƙashin sakin layi na 353 na ƙa'idojin shige da fice, wadda sai da sabon abu: kawun ya rasu, ya bar garin, an gano wata cuta, ko halin ƙasar ya canza. Abin da alƙalin farko ya yanke shi ne mafarin duk wanda zai sake dubawa, bisa ƙa'idar shari'ar Devaseelan ta 2002, don haka sake kawo wasiƙar da aka riga aka ƙi ba zai motsa komai ba.

Kafin ki ba kowa kuɗi, ki tambayi ko kin cancanci lauyan da gwamnati ke biya, domin shari'ar mafaka na cikin waɗanda ake tallafawa. Ki kuma duba sunan mai ba ki shawara a rajistar lauyoyi ko ta hukumar da ke sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice. Laifi ne a Birtaniya mutum ya riƙa ba da irin wannan shawara a matsayin sana'a ba tare da rajista ba. Idan aka sake zama, ki nemi tafintan Hausa a rubuce tun da wuri, kyauta ne, ki faɗi Hausar ina kike ji, ta Kano ko ta Damagaram ko ta Zangon Kumasi. Idan kika ji ya kira kawu baffa, ko ya mai da ɗiyar maƙwabta ƙanwarki, ki ɗaga hannu ki gyara nan take, a rubuta a gaban alƙali.